Hancin Don Fortunato

"Ni fa hancina ba ya ƙarya!" in ji Don Fortunato Huallpa, yana bugun ƙirji a tsakiyar kasuwar Chinchero. "Ku miƙo mini mayafi in shinshina, in gaya muku zamanin da aka saƙa shi, har da abin da masaƙiyar ta karya kumallo da shi."

Ka dai san irinsu. Tun ranar da wani Bature ya yaba masa tsohon cokalinsa na azurfa, shi ke nan kai ya kumbura. Ya cika ɗaki da tsatsa da tsummokara, ya naɗa kansa Sarkin Kayan Da. Sabon abu kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Mayafin gashin alfaka, dabbar kiwonsu mai kama da ɗan raƙumi, da matarsa Doña Teodosia ta yi damina guda tana saƙa masa, kyautar da shi ya yi a ɓoye, wai launinsa na kashe masa ido.

Ran nan wani dillali, Serapio, ya ja shi bayan rumfa, ya zaro wani mayafi da hayaƙi ya turare. Gogan naka ya tusa hanci, ya lumshe ido.

"Shekara ɗari uku cur! Nawa?"

"Haba Don, ai wannan ya fi ƙarfin kuɗi. Sai dai namijin alfakarku."

Namijin nan shi kaɗai ne a garken matarsa, in babu shi babu haihuwa bana. Sarkin Hanci ko gezau, ya koma gida ya kwance igiya ya miƙa.

Ran Lahadi ya tara maƙwabta, aka zuba giyar masara, ya shimfiɗa mayafin yana hura hanci.

"Kada wanda ya taɓa! Hannun da ya saƙa wannan ya daɗe da zama ƙasa."

Doña Teodosia ta dire tukunya, ta juya gefen mayafin, ta nuna ɗan kwaɗon da take saƙawa a bakin duk aikinta.

"Ga hannun nan, tsoho, yanzu ya gama fere maka dankali. An rataye aikina bisa murhu, kai kuma ka shaƙo shekara ɗari uku?"

Dariya ta ɓarke, har wani dattijo ya ƙware da giya.

"To ai... hayaƙin ne tsoho," in ji Don.

"Ina namijin garkena?"

Don ya kama ƙirga yatsun ƙafarsa.

Ta dunƙule mayafin ta wurga masa a fuska.

"Yafa, garke da sanyi. Je ka yi wa matan garken bayani da bakinka, tunda yanzu kai ne namijin da ya rage musu."