Ledar Gilashin Motar Auta

Ni da ba na cin tuwo a sabon kwano sai na ɓare takardar gindinsa, zan bar sabuwar motar autana da leda a fuska? Yana tafiya masallaci na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, na ɗaye ledar gilashin gaba tas, ina ba maƙwabta labarin ƙazantar yaran zamani.

Ya dawo ya dafe kai. "Inna, saye na yi aka manna, don tsakuwar hanya!"

Na ce, "Allah ke tsarewa, ba leda ba."

Da ya kama hanya, bai kai garin Safo ba tsakuwa ta tsaga gilashin.

Bana matarsa ta haihu. Ina miƙa hannu in karɓi jinjirin, jikokina suka ce, "Kar a ba Kaka, ɓare shi za ta yi!"