Mai Sarin Gero a Taurari

Wani ne, mutumin wani ƙauye can bayan Atantane. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ina da surukai a can.

Shekarar nan ce da damina ta tsere tun gero bai yi ido ba, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai. Rumbunsa ya ƙare ƙaf. Ba abin da ya rage a ciki sai irin shuka, tiya huɗu a tsohuwar ƙwarya. Matarsa Rashida ta kwance ragonsu na ƙarshe, ta danƙa masa igiya.

"Malam, ka kai shi Tasawa ka saida, ka sawo muna hatsi. Hatsi na ce. Ba rediyo ba."

"Ke dai kin cika maimaita magana."

"Don na san wanda na aika."

Ya je Tasawa, ya sayar da rago. Da ya ji kuɗin tiyar gero, sai da jiri ya ɗebe shi. Ya ce bari ya leƙa wajen taubashinsa Manzo, ya sha ruwa tukuna. Shi Manzo siber yake tsaro, shagon nan da ake biya a taɓa ordinata, wato kwamfuta. Ya tarar ba kowa, sai Manzo ya ƙura wa gilashin ordinata ido. Gilashin baƙi ƙirin, taurari na ta wucewa.

"Taubashi, mi kake kallo haka?"

"Wasa ne. Jirgi gare ni, ina yawo tsakanin taurari. In sayi kaya nan, in saida can. 'Yan hwashi su tare ni, in harbe su. Ba mai ce maka ga inda za ka."

"Yaushe ake gamawa?"

"Ba a gamawa."

"To wanga ai hwatauci ne, wane irin wasa! Wancan layin hwa, mi aka rubuta?"

"Hatsi."

"Nawa tiya?"

"Ba su san tiya ba. Tan guda, dala shida."

Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa, don a Tasawa dala shida ko rabin tiya ba ta saye. Ya ce a maimaita masa. Manzo ya maimaita, yana danne dariya. Kun dai san taubashi, in ya samu irin wannan dama ba ya saki.

"Taya mani dala huɗu!"

"Ba a tayi nan."

"Ina dillali?"

"Babu dillali."

"Kasuwa ba tayi, ba dillali? Lalle can ma soja ke mulki."

Ya miƙe, ya kankari gilashin da farce, ya shinshina yatsa. Ya ce na bana ne, babu yashi. Manzo ya loda masa tan arba'in da kuɗin cikin wasa. Mutumin ya yi ta sa masa albarka har da su kakanni.

"To direba, mu tahi gida. Ina Atantane?"

Manzo ya nuna wani ɗan tauraro dishi-dishi can a lungu.

"Ita ce, wallahi. Ka ga ko wutar kirki babu."

Suna cikin tafiya sai ga jajayen jirage uku, suna ta feshin wuta. Manzo ya ce 'yan fashi ne, ya kai hannu zai harba. Mutumin ya cafke masa hannu.

"Kai! Bindiga ba takarda, zamanin soja? So kake mu ruɓe a kaso?"

Ya manna bakinsa a gilashi yana ihu: "Bayin Allah, talaka ne! Kayan marayu ne! Ni kaina maraya ne!"

Manzo ya danna wani abu da ɗaya hannun, jirgi ya zura da gudu, ya bar su a baya. Mutumin ya share zufa.

"Ka gani? Da ka harba, da yanzu ana mana wanka."

Sun kusa isa tasha, sai wasu jirage shuɗɗa suka kewaye su.

"Su wa kuma?"

"'Yan duwan ne, masu binciken kaya."

"Bariye! Sauka gehe, kashe inji! Kai ba ka san hanya ba, bar ni da su."

Ya cire hula. Ya zaro katin ɗan ƙasa daga laya, ya liƙa a gilashi, yana murmushin nan na bakin shinge. Jirage suka yi cirko-cirko.

"Ka ji ba su ce komi ba? Na san wanga shirun."

Ya dunƙule dala ashirin a hannu, ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya lalubi jikin inji har ya samu tsagar da ake sa faifai. Kafin Manzo ya ce kai, ya cusa kuɗin ciki. Inji ya yi ƙurrr kamar raƙumi mai mura. A daidai nan aka ɗauke wuta, gilashi ya mutu.

"Sun amsa," in ji mutumin. "Yanzu patoro, babbansu, ya shiga ciki. Sai a jira."

Nan Manzo ya ga abin ya wuce wasa. Dariya ta ɗauke masa.

"Taubashi, na rantse da Allah babu gero. Hoto ne. Tashi ka tahi kasuwa tun ba ta watse ba, iyalinka na jira."

"Manzo, tun muna yara ba ka taɓa gaya mani gaskiya ba. Sai yau da tan arba'in ya shiga tsakani za ka hwara? Na gane ka."

Ya tafi kasuwar kuwa. Ya juye kuɗin rago gaba ɗaya, ya sayi buhu ɗari da hamsin, wofi, da basilla biyu da ƙullin igiya.

A gida, kwana uku ke nan anza ake ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci. Yara suka ruga tarbarsa. Rashida ta ɗaga buhu ɗaya ta kakkaɓe, ta ɗaga na biyu.

"Malam, ina hatsin?"

"Yana bariye."

"Wace bariye?"

Ya nuna sama.

Rashida ta dubi sama, ta dube shi. Ta nemi turmi ta zauna a kai.

Washegari da safe ya hau rumbu, ya cire jinkar, ya jefar ƙasa. Ya ce jirgi ba ya shiga ta ƙofa, gara ya zuba kai tsaye. Ya shimfiɗa buhuna a tsakar gida don abin da zai yi saura. Sannan ya zauna a rana, ya ɗaga kai sama. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Maƙwabta suka ɗauka roƙon ruwa yake yi. Liman har ya ce wa mutane su yi koyi da shi.

Ran na huɗu Rashida ta dawo daga rijiya da hantsi, sai ta ji rumbu na ta hayaniya kamar kasuwa. Ta leƙa. Tsuntsaye ne maƙil, da kurciyoyi da jan-baki, wasu na sauka, wasu na tashi. Ƙwaryar iri saura ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

Ta saki tulu, ta suri taɓarya, tana kuka.

"Wayyo Allah, iri! Sun cinye iri! Malam, mi za mu shibka?"

Mutumin ya taso a guje, ya riƙe taɓaryar. Ya cire hula, ya rusuna wa tsuntsayen, sannan ya ce mata ƙasa-ƙasa:

"Ke, so kike a maida muna kaya baya? 'Yan duwan ɗin sama ne. Bari su gama cin nasu, yanzu za a saki jirgi."