Rasuwar Mai Ƙeya, Wadda Ake Kashewa Kullum

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da kai a ɗage, kafintan ƙarshen layi, a madadin kansa da iyalinsa, waɗanda suka yarda da waɗanda ba su yarda ba, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar talabijin ɗin falonsa, wadda duk gida ya sani da Mai Ƙeya. Ta cika a kan teburinta ana tsakiyar labaran yamma, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo gidan tun ba a haifi babban ɗa ba. Ƙarti biyu suka ɗauko ta, ɗayansu har yau yana kuka da bayansa. Kafinta da hannunsa ya yi mata tebur mai kaurin ƙafafu, domin ba kowane katako ke iya ɗaukar nauyinta ba. A kan ƙeyar nan tata agogo ya zauna, da hoton aure, da kwanon makullai, in sanyi ya shigo har kyanwa takan hau ta sha ɗumi. Aiki ɗaya ta iya, ta nuna hoto ta fitar da murya, kuma a kansa ta tsaya har ƙarshen rayuwarta. Ba ta taɓa tambayar sunan kowa ba. Ba ta taɓa neman lambar sirri ba. Abin da ta nuna wa uba shi ta nuna wa 'ya, a fili, kowa na gani, saboda haka mai son kallon shashanci sai dai ya yi shi a gaban mahaifiyarsa, kuma ba a samu mai wannan ƙarfin hali ba.

Amma halinta da kafinta ya fi so a rubuta shi ne wannan: ana iya kashe ta. Kullum sai an kashe ta, kuma ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. In an gama labarai da wasan kwaikwayo, sai ya miƙe ya danna maɓalli, ta ce ƙwas, hoton ya tattare ya zama ɗigo fari a tsakiyar gilashi, ɗigon ma ya tafi. Sai falo ya yi tsit. Mutanen da ke zaune wuri ɗaya ba sa iya jure shiru, dole wani ya buɗe baki. A irin wannan shirun babban ɗa ya faɗi cewa ya faɗi jarrabawa, tun takarda ba ta iso ba. A irinsa 'yar auta ta faɗi sunan yarinyar da ke ƙwace mata abinci a makaranta. A irinsa uwar gida ta ambaci ciwon da take ji a gefen ciki, wanda ta yi wata da watanni tana ɓoyewa, aka kai ta asibiti da sauran lokaci. Kafinta bai yi makaranta mai nisa ba, da kansa ya koya wa kansa karatu, amma ya san abin da ya gani: rabin tarbiyyar gidansa bayan ƙwas ɗin nan aka yi ta.

Jinya ta fara da launi. Mai karanta labarai ya koma kore kamar ganye. Daga baya murya ta riƙa ɗaukewa, sai shuuu, har sai an mare ta a kuncin hagu ta dawo hayyacinta. Mai gyara ya buɗe bayanta ya leƙa, ya ce kayanta an daina ƙera su. Wannan bayanin mai gyara ne. Kafinta yana da nasa. A shekarunta na ƙarshe shi kaɗai take yi wa magana. Sauran suna falo, amma kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Wata yamma ya miƙe ya kashe ta kamar yadda ya saba, ta ce ƙwas, ya juyo yana jiran wani ya yi magana, sai ya ga fuskoki a haske, babu wanda ya ma san an kashe wani abu. Ya tabbata wannan ne ya karya mata zuciya, kuma duk mai musu ya zo ya same shi a shago.

Gawa ba ta huce ba babban ɗa, wanda ke aiki a shagon sayar da wayoyi har ake ce masa Injiniya, ya shigo da kwali mai faɗi siriri kamar ƙyauren taga. Ya jingine shi da bango yana murmushi.

"Baba, wannan ita ce komai da komai. Talabijin ce, rediyo ce, ana wasa a kanta, ana kiran mutum a gan shi. Ko rimot ba ka buƙata, magana kawai za ka yi mata. In ka fara kallo a falo ka tashi, kallon zai bi ka ɗaki ta wayarka. Nan gaba har fitilun gida da ƙofa ita za ta riƙa kula da su."

Kafinta ya zagaya kwalin kamar mai duba katakon da gara ta shiga. Ya ce, "A ina ake kashe ta?"

"Ai ba a kashe irinta gaba ɗaya, Baba. Barci take yi."

"Tana barcin tana jin magana?"

"Dole ta ji mana. In ba ta ji ba yaya za ta san ka kira ta?"

"To wannan laɓe take yi. Ban taɓa ajiye mai laɓe a falona ba."

Uwar gida, ba ta ko ɗago daga wayarta ba, ta ce, "Baban Injiniya, duk duniya kai kaɗai ka rage kana neman abin kashewa."

Ya ce, "In ni kaɗai ne, na ishi falon nan."

Yana so a fahimce shi. Ba ya gaba da zamani, injin yankan katakonsa ma na lantarki ne, kuma wayarsa na aljihu. Sai dai kowane inji a shagonsa yana da wurin da ake kashe shi, wanda babu wannan wurin hannun mutum yake ci. Ana gaya masa wata rana na'ura ɗaya za ta haɗiye duk sauran, ta san abin da kowa yake so kafin ya faɗa, ta bi shi daga falo zuwa gado zuwa makewayi. Ya ji, bai ƙaryata ba. Tambayarsa ɗaya: a wace sa'a ce 'yarsa za ta rasa abin kallo har ta gaya masa abin da ke damunta?

Marigayiya ta bar teburinta, wanda ƙafafunsa suka lotsa leda har abada. Ta bar eriya a kan rufi, ta karkata gabas tana jiran mai juya ta. Ta bar rimot da aka ɗaure bayansa da roba, da na'urar bidiyo wadda ta riga ta tsufa da wani kaset a cikinta da ta ƙi amayarwa, da mayafin da uwar gida ta saƙa mata tun tana amarya. Kwalin da ke jingine da bango ba ya cikin magada. Za a buɗe shi ranar da mai aikin lantarki ya ja masa waya ta musamman, ya dasa makashi a jikin bango daidai hannun kujerar kafinta, irin wanda in an danna shi ake jin ƙara.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa ba, kuma mai amalanken da ya riga ya zo taya ta sau biyu ya daina wahalar da ƙafarsa. Ranar Asabar da hantsi mai gyara zai zo ya kwashe kayan cikinta cikin mutunci. Kafinta zai shimfiɗa katako a ciki, ya sa wa ƙeyar ƙyaure da sakata, a mai da ita kan teburinta. Daga wannan rana, kowace yamma in an ɗauke kwanukan abinci, duk wayar da ke gidan za a kashe ta a sa a ciki, ta kafinta ce farko, ta uwar gida na biye, a zauna a kalli juna har sai wani ya yi magana. Injiniya ya ce wannan zalunci ne, ya yi ta jero hujjoji. An ji ƙorafinsa, kuma shi ne magana mafi tsawo da ya yi wa ubansa a bana.

Ana karɓar gaisuwa a falo kowace yamma. Mai son yin ta'aziyya ya tako da ƙafarsa, akwai kujera. Wanda ya ga ya fi masa sauƙi ya turo saƙo, ya sani saƙonsa zai tarar da wayar a cikin marigayiya, a kashe.