Abin da Ya Faɗo Daga Aljihuna a Ruku'u

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar da na yi a garejin Alhaji Mamman ba. Ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a Mahdiya, kuma 'yan unguwa Muhandis, wato injiniya, suke ce mini (ban taɓa hana su ba, don sunan yana yi mini daɗi).

Alhaji mutumin Agadas ne, mai manyan motoci da ke ratsa sahara, waɗanda suke kira kamiyo. Ya aiko aka kira ni, wai kwamfutar ofis ta yi nauyi, ga takardun kayan da za a loda da safe duk suna cikinta. Na kwance ta na kakkaɓe yashi, sannan don a san gwani aka kira, na ɗora mata sabon tsarin aiki, abin da babu wanda ya roƙe ni.

Ina kunnawa ta cije. Ta rubuto cewa memori bai ishe ta tashi ba. Na kashe na kunna, haka. Na tashe ta a yanayin gyara, na cire manhajojin da ke tashi tare da ita, na sake saiti, duk a banza. Gumi ya fara keto mini, ga direbobi sun zagaye ni da kofunan shayi.

Alhaji ya ce, "Muhandis, lahiya? In takardun nan ba su hita ba, kamiyo ba ta tashi gobe."

Na leƙa ciki, sai na ga ramin ram guda, inda ake soka ɗan koren allon memori, babu komai. Nan fa bakina ya buɗe. Na yi musu bayani cewa sabon tsari maciyi ne, ram ɗaya ba ya riƙe shi, kuma tabbas wani mai gyara marar tsoron Allah ne ya zare ɗayan ya sayar. Har da girgiza kai, ina cewa amana ta yi ƙaranci a duniya.

Aka kira salla. Muka yi sahu a kan tabarma, ni a gefen Alhaji. Ina sunkuyawa ruku'un farko, wani ɗan koren abu ya sulluɓo daga aljihun gaban jallabiyata, ya faɗi daidai inda Alhaji zai sa goshi. Sai a lokacin na tuna ni na cire shi da hannuna sa'ad da nake kakkaɓar yashi.

Raka'a uku na yi ina kallonsa, ba halin ɗauka. Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba. Tsorona ɗaya, kada dattijon nan ya ɗauke ni ɓarawo.

Bayan sallama Alhaji ya ɗauka, ya hure shi, ya miƙo mini. "Ga marar tsoron Allah ɗin, mun kama shi, da alwallarsa."

Direbobi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na mayar da ram ɗin, kwamfuta ta tashi sumul, takardu suka fita kafin magariba. Alhaji bai zarge ni ba, har yau ni nake masa gyara, kuma na gode wa Allah. Amma tun ranar, in abu ya ɓace a wurin aiki, kafin in ɗora wa wani bawan Allah laifi, aljihuna nake fara lalubawa.