Kan Inji Ya Rasu, Motar Tana Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da ido busasshe ƙamas, Alhaji Ɗayyabu Mai Zare na unguwar Madabo yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtansa na rumfa a kasuwar Ƙofar Wambai, har ma da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar Kan Injin motarsa, wanda kanikawa ke kira Tof Silinda. Tare da shi aka yi rashin abokiyar zamansa Gaskit, siririyar nan da ke shimfiɗe tsakaninsa da gangar jikin inji. Tsautsayin ya same su a rana ɗaya, a unguwar Shahuci, ana tsakiyar sallar la'asar, suka cika a Madabo.

A saurara da kyau, don kada wani ya je ya ƙara gishiri: kan inji ne ya rasu. Motar tana nan da ranta a bakin lungu, inda kowa ya saba ganinta, da tayoyinta huɗu da iska a cikinsu. Duk wanda ya ce Fijon Alhaji Ɗayyabu ta mutu, ƙarya yake yi, kuma Alhaji ya san wanda ya fara faɗa.

Marigayi ya iso Madabo cikin farar mota sabuwa dal, a shekarar da sojoji suka fara miƙa wa farar hula mulki. Ya ga faɗuwar wannan gwamnati. Ya ga sojojin da suka biyo baya, wannan ya ture wancan, shi kuwa yana nan inda aka ɗaura shi, bai taɓa neman canjin wuri ba. Shekara ashirin wuta tana tashi a ƙarƙashinsa, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya yi layin mai har tayoyi suka gaji da tsayuwa. Ya sha man 'yan bumburutu wanda aka sirka da kananzir, ya yi tari, ya haɗiye. Da famfo ya ƙafe a cikin gari, ruwan rijiya mai zartsi aka dinga ɗura masa, ya karɓa kamar sauran mutanen unguwa.

Shaidar da za a yi masa ita ce, ba a taɓa tura shi ba. Ko sau ɗaya. Da safe in Alhaji ya yi bisimilla ya murɗa mukulli, sai ya ce ƙirr, ƙirr, ya ɗan yi shiru kamar mai gyaran murya, sannan ya ce bumm. Daga nan sai tak-tak-tak a hankali, muryar da matan lungu ke ji su san lokacin sallamar 'yan makaranta ya yi. Shi ya kai masu naƙuda asibiti, har wasu daga cikin jariran yanzu sun yi gemu suna cewa motar ta tsufa. Shi ya kai gara gidajen amare, da buhunan shinkafa da garewanin mai har bayan motar yana shafar ƙasa. Shi ya ɗauko dilolin zare, shi ya kai mutane gaisuwar mutuwa ƙauyukan da ko babur yana shakkar hanyarsu.

Ita kuwa Gaskit, baiwar Allah, ba a taɓa jin muryarta ba. Aikinta shiga tsakani. Ruwa yana da hanyarsa a cikin inji, baƙin mai yana da tasa, wuta tana da ɗakinta, ita ce ta hana su ukun haɗuwa. An danne ta da nauyi ta sama da ta ƙasa tun tana sabuwa, ba ta motsa ba. Da a ce ana samun irinta a kowane gida, da masu unguwanni sun huta da shari'a.

Game da ciwon ajali, Alhaji yana so a ji shi daga bakinsa, tunda bakuna sun yi yawa. A ranar da aka rantsar da sababbin kansiloli, surukinsa Isyaku, wanda Allah ya ba kujerar mazaɓa, ya roƙe shi alfarmar ya ja gaban jerin gwanon murna. Aka ɗaura lasifika a kan motar, Alhaji da kansa a sitiyari. To, kowa ya san lungunan cikin gari, kuma kowa ya san zafin bazara kafin ruwa ya zauna. Gaba mutane, baya makaɗa, gefe katanga. Tun hantsi motar take tafiyar ƙafa, babu iskar da ke shiga mata gaba. Allurar zafi ta fara hawa, kuma Alhaji ya gan ta, da idonsa ya gan ta, babu tabarau. Da ya samu ɗan fili a Shahuci sai ya kauce, ya kashe inji, ya ɗaga bonet, kamar yadda ya saba yi in marigayi ya nemi hutu. Marigayi yana cewa tsss, tururi yana tashi, abin da yake buƙata kawai a ƙyale shi ya huce da kansa. Aka kira la'asar, Alhaji ya yi alwala ya bi sahu a ɗan masallacin da ke wurin.

Ashe a ƙofar gidan Iya 'Yardada ya tsaya, tsohuwar da ta shekara da shekaru tana ajiye randa a ƙofar gida don sadaka ga masu wucewa. Ta leƙo ta ga baƙo a ƙofarta yana haki, hayaƙi yana fita ta kansa, ga mutane cike da lungu ana ta kiɗa babu mai kula shi. Ta ce, “Haba jama'a, ku ji tsoron Allah! Ko dabba ce ai a ba ta ruwa.” Ta sa wasu ƙarti biyu daga cikin masu murna suka ciccibo randar, ruwan da ya kwana ya wuni a inuwa, mai sanyi ƙarara, suka juye shi tas a kan marigayi.

Alhaji yana raka'a ta uku ya ji ƙas! Ya san muryar. Bai sallame ba sai da liman ya sallame. Da ya fito ya murɗa mukulli, marigayi ya yi ƙoƙari, don bai saba ba da kunya ba. Ya ce ƙirr, ya tashi yana ɗingishi, farin hayaƙi yana tuɗaɗa ta salansa, ruwan lagireto yana ɓulɓul. Ya lallaɓa ya kawo mai gidansa har bakin lungu a Madabo, sannan ya yi shiru. Da aka zaro sandar duba mai, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Alhaji yana sanar da jama'a cewa ya yafe wa Iya 'Yardada duniya da lahira. Ta aiko da goro tana kuka, ya aika mata da turmin atamfa, ya ce a gaya mata baƙo ta karrama, kuma ladanta yana nan. Waɗanda bai yafe wa ba suna cikin gidansa.

Domin tun gawa ba ta gama hucewa ba, 'ya'yansa suka yi taro a ɗakin babban ɗansa Salihu, ba a gayyace shi ba. Suka yanke hukunci, suka turo Salihu ya karanta masa. Ya zo ya durƙusa, kai a ƙasa, murya a sanyaye, ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ku huta haka nan. Idonku ba kamar da ba ne, da kun ga allurar da wuri da ba a kai ga haka ba. A sayar wa 'yan gwangwan motar nan, duk inda kuke son zuwa ni zan kai ku.”

Duk inda yake son zuwa! Alhaji ya ga yadda aka yi wa abokansa. Da farko a karɓe mukulli cikin ladabi. Sai a shimfiɗa wa mutum tabarma a zaure. In yana son zuwa kasuwa a ce yau akwai aiki, in yana son zuwa gona a ce sai an samu sarari, in amininsa ya rasu a ce an riga an yi masa gaisuwa. Yana nan zaune yana jiran yaron da shi ya koya wa ɗaure wando, har rumfarsa ta koma hannun wani, har mutane su fara tambaya ko yana raye. Wannan shi ne abin da yake tsoro, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Ya dubi Salihu ya ce, “Sojoji ma sun koma bariki. Ba a gidana za a soma sabuwar dokar soja ba. Tashi ka kira min Maharazu.”

Maharazu bakanike ya nemi a ja motar zuwa garejinsa, Alhaji ya ce motar da ba a taɓa turawa ba, ba za a ɗaura mata igiya a wuya a zaga da ita gari ba. A nan bakin lungu aka yi aikin, a gaban kowa. Aka zubar da ruwa, aka tsiyaye mai, aka cire duk abin da ke jingine da marigayi. Maharazu ya dinga sassauta notuna daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, wannan ɓangare sannan wancan. Da aka zo ɗagawa, Alhaji ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. A nan aka ga Gaskit, ta ƙone ta ɓule a tsakanin ɗakuna biyu. Maharazu ya kifa marigayi, ya goge fuskarsa, ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, sai ga haske yana wucewa ta ƙasa, ga kuma tsaga siririya kamar gashi. Alhaji ya ce ko za a kai a goge shi a inji, ko a yi masa walda. Maharazu ya cire hula ya share gumi ya ce, “Alhaji, sai haƙuri. Wannan ya gama aikinsa.” A nan ne kaɗai Alhaji ya juya baya, ya daɗe yana kallon katanga.

Marigayi ya bar gangar inji, lafiyarta ƙalau. Ya bar fistan huɗu, da lagireto, da fanka, da batir wanda ba ɗan gidan ba ne amma ya zama ɗan gida. Ya bar mai gidansa, wanda shi ma wasu ke ganin ya gama aikinsa.

Tunda babu takaba a kan ƙarfe, ana kuma sanar da jama'a cewa an samo magaji. Alhaji da ƙafarsa ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ƙwanƙwasa wancan ya saurara, har ya dace da wani kan inji na hannu, ɗan Beljiyam, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Wani mai shago ya ba shi shawarar a shafa wa tsohuwar Gaskit gam a mayar, Alhaji ya tambaye shi ko haka yake yi wa matattun gidansu, ya sayi sabuwa a cikin kwalinta. An kankare fuskar gangar inji har tana ƙyalli, an shimfiɗa sabuwar Gaskit, an ɗora magaji, an ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, Alhaji yana tsaye a kan Maharazu kamar mai gadin amarya. An zuba sabon mai, an cika ruwa. Maharazu ya miƙo hannu a ba shi mukulli ya gwada, Alhaji ya hana. Har yanzu ba a tayar da injin ba, kuma babu wanda ya san ko zai tashi.

Ana karɓar gaisuwa a zauren gidan Alhaji Ɗayyabu da ke Madabo, da rumfarsa a Ƙofar Wambai. Mai zuwa gaisuwa ya gaisa ya yi addu'a. Wanda ya zo da niyyar zagaya motar yana bubbuga ƙofa yana tambayar nawa za a bari, ya sha ruwa ya kama gabansa. Masu narka alminiyam su yi tukwane, waɗanda tuni suka aiko a taya musu marigayi, su sani cewa wanda ya sha wuta shekara ashirin ba za a sake mayar da shi kan murhu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, Alhaji ya san wannan, kada wani ya taso da wa'azi. Za a naɗe marigayi da Gaskit a sabon buhu, a ɗora su a kujerar gaba, a fita ta Ƙofar Ruwa zuwa gonar Alhaji da ke hanyar Bichi, inda aka haƙa musu rami a gindin tsamiya. Motar da aka ce ta mutu ita za ta ɗauki gawar. Ana roƙon jama'ar unguwa su hallara a bakin lungu da wuri, musamman waɗanda suka halarci taron ɗakin Salihu, domin a gabansu za a fara murɗa mukulli.

Idan ta tashi, Salihu zai zauna a kujerar baya, babansa zai kai shi. Idan ta ƙi tashi, an tanadar masa wuri a bayan but, shi da ƙannensa maza, su sa kafaɗa su tura har gona. Ko ta tashi ko ta ƙi, Alhaji Ɗayyabu ne a kan sitiyari.