Ƙwaron da Ya Tozarta Ni a Karare

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanina Sabi'u a Karare ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni aka ɗora wa sayen dabino. Tun da wuri na sayo buhu a kasuwar Batsari, na jingine shi a zaure kusa da masara, ina ta cika baki wai ɗan Agadas ne.

Da aka shafa fatiha, ni da kaina na kai faranti gaban Baffa Ilu, waliyyin amarya, dattijon da ba a cika ganin haƙorinsa ba. Ya ɗauki ɗaya ya tsaga. Sai ga wani ɗan ƙwaro ya fito, launin ƙasa, da kaɗan ya fi ƙwayar riɗi, fiffikensa ma bai gama rufe bayansa ba (a taron mutunci fa). Irin wanda ke shiga masara inda tsuntsu ya caka, ko mangwaron da ya faɗo ya fashe.

Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya tambaya a hankali ko shi ma daga Agadas ya zo.

Maimakon in yi shiru, sai zuciya ta ɗebe ni. Na rantse daga tabarma ya hau. Don in kashe bakin kowa na ɗebi dabino na watsa a baki ban tsaga ba. Tsami, ga gari-gari. Na daure na haɗiye ina murmushi, har na fara bayanin yadda ake gane mai kyau. Can na lura duk an ƙura wa gemuna ido. Liman ya miƙo hannu ya ce, "Malam, ɗan tsaya. Ga wani ya tsira."

Aka kwashe farantai, dangin amarya suka aika a sayo alewa.

Abin da ya fi ci mini rai, na bi manoma har Safana ina tambayar sunan wannan maƙiyi, kowa sai ya ce ƙwaro ne dai. Da kunama ce ta harbe ni, ai da an zo mini jaje. Amma abin da ko suna ba shi da shi ya kunyata ni gaban surukai, mutane kuma bayansa suka bi.

Na dai koyi darasi: in asiri ya tonu, a ba da haƙuri. Cinye shaida ba ya hana ta ɓullowa ta gemu.