Rasuwar Mai Tsaga, Wayar da Masu Gadinta Suka Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf, da hannuwan da har yanzu lalle bai sake su ba, ni Hajiya Mariyamu 'yar Jalo ta nan Azare nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Katagum da Disina da Dagauda, da duk wanda na taɓa damu da kira, rasuwar wayata, abokiyar hirata, wadda aka fi sani da Mai Tsaga. Ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a tsakar gidana, ana tsakiyar taron ƙunshin jikata Jannatu, bayan gajeriyar jinya mai yawan ihu. Ba ɓarawo ne ya ɗauke ta ba, ba kuma rijiya ta faɗa ba. Masu gadinta ne suka gama da ita, su uku, kowanne yana bakin aikinsa.

Kafin in shiga yabonta, bari in faɗi abin da ya sa mutuwar ta yi mini ciwo, kada wani ya ce tsohuwa tana kukan roba da gilashi. A cikinta akwai muryar aminiyata Ya Gana, Allah ya jiƙanta, Babarbariyar da muka yi maƙwabtaka tun muna amare. Ita ce mai ƙunshin unguwarmu. Ita ta fara ɗaura wa Jannatu lalle tun tana 'yar mitsitsiya, ta kuma yi alkawarin ita za ta yi mata na aure. Bara da ciwo ya kwantar da ita, ta ga alamar ba za ta kai ba, sai ta sa na kanga mata wayar a baki ta yi wa yarinyar magana mai tsawo. Ta ce in riƙe, kada in tura wa kowa, sai ranar ƙunshi a kunna a gaban mata. Na kuwa riƙe. Ni da ba na iya kwana da labarin haihuwar akuya a cikina, wannan na riƙe shi.

Marigayiyar ta shigo gidana ne ta hannun ɗana Sha'aban, wanda ke aiki a Bauchi. Ba ta yi wata guda ba ta suɓuce daga haɓar zanina ta daki turmi, fuskarta ta tsage daga sama har ƙasa. Ya Gana ta ɗauke ta, ta duba, ta shafa tsagar da ke nata kumatun, ta ce, "To madalla, ta zama 'yar gidanmu. Yanzu ta fi ƙarfin Fulani." Daga nan sunan ya bi ta.

Mai haƙuri ce, wallahi. Ta kwana a ɗankwali, ta kwana a kwanon kuka, ta taɓa yin wanka a kunun tsamiya ta fito ba ta ce uffan ba. Gulmar da ta ji a rayuwarta, da mutum ce da tuni an raba aure goma a unguwar nan, amma ba ta taɓa kai wa kowa ba. Idan saƙo ya shigo sai ta ce "tilin", a hankali, kamar mai sallama a ƙofar suruki. Idan yunwar caji ta kama ta sai ta ce "ɗiɗ-ɗiɗ", sau biyu kawai, ta yi shiru. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai da aka kawo mata masu gadi.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga wata ranar kasuwa da na mance ta a kujerar keke napep. Na dawo gida na laluba haɓar zani, wayam. Hankalin kowa ya tashi. Aka kira lambar, sai ga mai keken ya ɗauka, wani bawan Allah Malam Ladan, ya ce a kwatanta masa gidan. Ya kawo ta da kansa, ya sha ruwa, ya tafi. Ni a ganina magana ta ƙare da godiya. Su kuwa 'ya'ya da jikoki a nan tasu ta fara. Aka yi zama na musamman a kan tabarmata, wai ba kullum ake dacewa da irin Malam Ladan ba, dole a zaɓa wa wayar manhajar tsaro. Manhaja, ga wanda bai sani ba, wani ɗan aiki ne da ake zubawa cikin waya, ba ya ci ba ya sha sai data. Aka kasa daidaitawa a kan guda, don kowa yana ganin tasa ta fi. Da yake mu gidanmu ba a son ɓata wa kowa rai, sai aka zuba duka.

Na farko na jikana Najmuddeen ne, ɗan kwaleji, mijina na wasa. Nasa mai gadin idan aka danna lambar da ba daidai ba, sai ya ɗauki hoton mai dannawa ya tura masa, idan aka yi ta maimaitawa kuma ya saki jiniya. Ya ce, "Amaryata, duk wanda ya taɓa miki waya sai Azare ta ji." Azare kuwa ta ji.

Na biyu na Jannatu ne. Nata yana nuna inda wayar take a taswira, ko da a cikin buhun gero aka cusa ta.

Na uku na Sha'aban ne, shi ne babban dogari. Idan aka yi ta kuskuren lamba har aka kai wani adadi, sai ya share duk abin da ke cikin wayar tas, don kada ɓarawo ya ga asirin gida. Shi ne kuma ya sa lambar sirrin. Ya ce, "Hajiya, na sa miki wadda ba za ki taɓa mancewa ba. Shekarar haihuwarki ce." Na ce to. Ban so in kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba. Ni dai abin da innata ta gaya mini, an haife ni ne daminar da ruwa ya cinye gonar Baffa, ana saura kwana kaɗan Sallar layya. Shekarar da ke jikin katina kuwa wani ma'aikaci ne ya kalli fuskata ya yanka mini, ban ma taɓa tambayar me ya rubuta ba. Amma ban damu ba, tunda an koya wa wayar sanin babban yatsana. Ina dangwalawa take buɗewa.

Haka muka zauna lafiya har ranar ƙunshi. Gida ya cika da mata. Ni da na yi shekaru rabona da lalle, ranar na ce a yi mini irin na Ya Gana, a dulmiya yatsun duka har gaɓa ta biyu, a bi da baƙi. Aka kwance, ya kama ƙwarai, har ana cewa tsohuwa za ta ƙwace wa amarya ango. Aka fito da Jannatu a lulluɓe aka zaunar. Na miƙe na ce kowa ya yi shiru, akwai baƙuwa daga lahira. Na ciro Mai Tsaga na dangwala yatsa.

Ta yi "ɓuu" a tafin hannuna. Ba ta san ni ba.

Na goge yatsan a zani na sake. Na tofa masa yawu na sake. Wayar da ta kwana a ƙirjina shekara da shekaru ta dube ni ta ga baƙuwa, saboda lalle da man da aka shafa sun rufe zanen yatsan. Sai ta nemi lamba.

A nan ne mata suka shigo da taimako, Allah ya saka musu. Na ce shekarar haihuwata ake nema. Wata ta ce ai Hajiya sa'ar yayarta ce, a danna kaza. Aka danna. Wata ta ce haba, Hajiya ta girmi wannan nesa, tana goye da Sha'aban aka yi bikin innar ita mai maganar. Aka danna. Ni kuma raina ya ɓaci, na ce wallahi ban kai nan ba, na rage wasu shekaru na danna da kaina. Kan haka jiniya ta tashi: "Wiii-wuu! Wiii-wuu!" Kaji suka watse, jarirai suka ɗauka, wata baƙuwa daga Disina ta zura da gudu har ta bar takalmi.

Ashe duk dannawar nan hotuna suna ta sauka a wayar Najmuddeen, yana can wurin masu kafa rumfa. Hoton da ya fara gani an ɗauko shi daga ƙasa ne: ƙofofin hanci biyu, haɓa, da goshi sharkaf da kurkum. Yaron nan da na yi wa wanka yana jariri bai gane ni ba. Ya tura a guruf ɗin dangi ya rubuta, "Ga ɓarauniyar wayar Hajiya, duk wanda ya san wannan mummunar tsohuwa ya yi magana." Ina da labarin mutum huɗu sun ce sun taɓa ganinta a tasha.

Ita kuwa amarya, jin jiniya sai ta zaro tata wayar a ƙarƙashin mayafi ta duba taswira, ta ce da ƙarfi, "Wayar tana cikin gidan nan!" Matan da ke can baya, waɗanda ba su ga abin da ke faruwa ba, suka fara kallon jakunkunan juna. Aka nemi Sha'aban, yana hanya inda babu sabis. Kafin a ce haka, wata mai ƙarfin hali ta karɓe wayar ta ce ita ta tuna, shekarar da aka yi fara ce. Ta danna.

Jiniya ta tsaya. Fuskar Mai Tsaga ta yi baƙi, ta yi fari, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Da ta farfaɗo sai ta gaishe ni da Turanci, kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Babu hoto, babu lamba, babu Ya Gana.

Washegari aka garzaya da ita kasuwa wurin Jideofor mai gyaran waya, wanda ya fi wasu 'yan garin iya Hausa. Ya buɗe, ya duba, ya cire tabarau. Ya ce, "Mama, gangar jiki lafiya lau. Amma wadda kika sani ta tafi. An taɓa ajiye kwafin kayanta a wani wuri?" Na dubi Sha'aban, Sha'aban ya dubi Najmuddeen, Najmuddeen ya dubi silin. Jideofor ya girgiza kai ya ce da tun farko wurinsa aka zo, da ya sa mini wata manhaja mai kyau da yake da ita. Na ce, "Ɗan nan, uku sun kashe ta, kai kana da ta huɗu?"

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin ƙyalle a wuya, wadda ba ta aiki sai an jingina ta da kofi. Ta bar riga ta roba da ta yi baƙi don dauɗa, da abin sa wa a kunne mai ji da ɓari guda. Ta bar layi, wanda aka ce shi yana nan da ransa. Ta bar hotona guda tara a wayoyin dangi, waɗanda nake roƙon a goge don girman Allah. Ta kuma bar masu gadi uku marasa aikin yi.

Ga masu shirin ɗaukar wa wayoyin iyayensu gadi, ga abin da na gani da idona. Duk zaman da aka yi a kan tabarmata, an tambayi juna wace manhaja ta fi ƙara, wacce ta fi ido, wacce ta fi zafin hannu. Ba wanda ya juyo ya ce, Hajiya, me ke cikin wayar nan da ba za ki jure rashinsa ba? Da an tambaya da na faɗa, da an kwafe shi an adana. Ku fara da wannan. Sannan mai gadi guda ya isa, wanda mai wayar ta san halinsa. Lamba kuma a bar tsohuwa ta zaɓi abarta. Mai share kaya kada a ɗauke shi aiki sai an tabbata kayan suna da na biyu. Kuma a tuna mata suna yin lalle.

Game da jana'iza: malamin unguwa ya riga ya gaya mini ba a yi wa waya sallah, na kuma sani, ba sai an aiko mini da wa'azi ba. Gawar tana wurin Jideofor, an ce za a ba wa wata jikar ta fara sabuwar rayuwa da ita, Allah ya ba ta haƙurin zama da tsagar. Za a yi zaman karɓar gaisuwa gobe Lahadi da hantsi a tsakar gidana, kafin a kai amarya. Akwai kunu da ƙosai. Ba a karɓar gudummawar manhaja. Najmuddeen zai zauna a bakin ƙofa ya gaishe da mummunar tsohuwa a gaban kowa.

Jannatu, ke kuma ki daina kuka kina ɓata kwalli. Tun ranar da aka binne Ya Gana, babu safiyar da ban kunna muryar nan ba ina shan koko, don gidan ya yi mini shiru da yawa. Na san inda ta yi tari, na san inda ta yi dariya, na san inda ta tsaya ta nemi ruwa. Abin da aka share a waya yana nan a kaina, kuma ni ba a sa mini lamba ba. Gobe za ki zauna a gabana in faɗa miki shi kaf, da karin harshenta na Barebari, har da wurin da ta ce kada ki koyi girki a wurin kakarki Bafulatana, wadda in ba nono ba ba ta san komai ba. Ban so maimaita wannan ba, amma amana ce.

Duk mai zuwa ya zo da wayarsa da caji. Ina buɗe baki kowa ya danna ɗauka, babba da yaro, har baƙuwar Disina idan ta dawo neman takalminta. A tura wa na Bauchi, a tura wa na Dagauda, a tura wa Malam Ladan mai keke. Ya Gana ta ce a riƙe har ranar ƙunshi. Ƙunshi ya wuce.

Mai sanarwa,
Hajiya Mariyamu 'yar Jalo, Azare,
wadda aka haifa daminar da ruwa ya cinye gonar Baffa.